Nonon Taguwa Kurma

A shekarar da ruwan sama ya yi wa yankin Tadres rowa, Takna matar Agali ta hana 'yarta Hebbu shan nonon taguwa, alhali Hebbu na ɗauke da cikin fari, kuma in ban da wannan nonon babu wani abin kirki da ya rage a zangonsu.

Abin yana da asali. Ranar da aka kafa wa Takna tantin aurenta, mahaifinta ya ba ta wata budurwar taguwa mai suna Tawinak, irin roɗi-roɗin nan masu fari da baƙi kamar an watsa musu madara a jiki, idanunsu kuma shuɗi-shuɗi. Kowa ya san yawancin irin waɗannan ba sa ji, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar hakan aibu. Kurman raƙumi ba ya firgita da tsawa, ba ya zabura in mota ta wuce. In kana son ya juyo sai ka jefa tsakuwa gabansa, ko ka kaɗa masa bakin rawani. Wajen jure ƙishirwa kuwa, duk garken Agali babu wadda ta kama ƙafar Tawinak.

Da Takna ta samu cikin fari, ba abin da ranta ke so sai nonon taguwar nan. Shi ta sha safe da yamma har ta sauka. Ta haifi 'ya mace kyakkyawa, aka sa mata Hebbu. Sai da yarinya ta fara zama aka lura ko taɓarya ta faɗi kusa da kanta ba ta waiwaya. Wata rana mata na zaune ana kaɗa nono, Gwaggo Kella, wata dattijuwa daga dangin Agali, ta dubi yarinyar ta ce ai ba abin mamaki ba ne, wadda ta cika cikinta da nonon kurma me take jira ta haifa? Ba da mugunta ta faɗa ba, tana faɗa ma ta ci gaba da kaɗa nononta. Amma maganar ta shige wa Takna kamar ƙaya a tafin ƙafa. Daga baya ta haifi maza biyu, duk cikinsu ba ta ko kalli akushin Tawinak ba, kuma dukansu suna ji garau. Daga nan ta gama yanke wa kanta hukunci.

Ta so a sayar da taguwar. Tata ce, da ta dage da ba mai hana ta, amma Agali ya yi ta lallaɓa ta, don 'ya'yan Tawinak su ne ke kai masa gishiri daga Bilma ba tare da sun durƙushe a hanya ba. Shi da Takna taubasai ne, saboda haka ko maganar kuka ce sai ya sa mata wasa. Ya ce mata shi da ya fi kowa shan nonon nan, ga shi har yau ba mitarta ɗaya da ke wuce kunnensa, da ma Allah Ya sa abin ya kama shi ya huta.

Hebbu ta tashi cikin raƙuma. Ta san su fiye da ƙannenta, su ma sun san ta, musamman roɗi-roɗin, don da hannu da ido take yi musu magana. Emud, ɗan wan Takna, tun suna yara tare suke kiwo, ya iya maganar hannunta tamkar shi ya ƙirƙira ta. Da suka girma shi ya ce ita yake so, ita ma ta nuna shi take so, aka yi biki.

To, sai ga wannan fari. Damina ta zo ta yi yayyafi ta wuce, karangiya ba ta ko kai idon sawu ba. Kafin sanyi ya ƙare Agali da Emud da samarin suka kaɗa garke suka yi kudu wajen Dakoro neman ciyawa. Aka bar mata da tsofaffi a bakin rijiya, da 'yan awaki, da jakuna, da taguwa biyu masu tatsa: wata ja, da kuma 'yar Tawinak, wadda ta gaji uwarta a launi da kurumta da suna, don ita tsohuwar ta daɗe da mutuwa.

Da bazara ta kankama, awaki suka soma faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Jar taguwa ta kafe, ta koma sai ƙashi da fata. Tawinak ƙarama ce kaɗai ta riƙe. Sai ta nausa daji da ɗanta, ta yi ta tsinkar ƙayar bagaruwa da busassun rassan da jaki ma ba ya kallo, ta yi kwanaki ba ta nemi rijiya ba. Tozonta ya karkace ya kwanta gefe guda, amma duk lokacin da aka koro ta gida sai an sami abin da za a raba wa yara da tsofaffi. Kowa a zangon yana samun kurɓi, ban da mutum biyu. Takna ta hana Hebbu, ita ma ta hana kanta don kada 'yar ta zauna ita kaɗai cikin rashi.

Abincinsu ya koma gero da ruwa, wani lokaci da ɗan guntun cuku da ya bushe kamar dutse. Cikin Hebbu na girma, ita tana ƙanƙancewa. Leɓunanta suka yi fari, ƙafafunta suka kumbura har awarwaron ƙafa ya nutse. Wata safiya tana jan guga jiri ya ɗebe ta, da ba don wata mata ta riƙo zanenta ba da labarin ya zama wani. Takna ta ga duk wannan. Takan zauna ta dubi akushin nono ta dubi 'yarta, sai ta tuna taɓaryar nan da ta faɗi yarinya ba ta waiwaya ba, ta miƙa akushin ga wani.

Ana cikin haka wata farar mota ta iso rijiyar da hantsi. Wata mata ta fito daga ciki, ba ta wuce sa'ar ƙanwar Takna ba, ta gaishe su da harshensu, sai dai harshen ya sha ruwan birni. Ta ce sunanta Minata, likitar dabbobi ce, uwarta 'yar tanti ce daga wajen Abalak. Matan suka yi mata sannu da zuwa, suka yi dariyar yadda ta ɗaura kallabi kamar mai shirin dambe, ita ma ta yi dariya ta ce su gyara mata. Bayan shayi ta faɗi abin da ya kawo ta. Rijiya-rijiya take bi tana neman raƙuman da fari bai karya ba, musamman taguwar da har yanzu ke ba da nono, tana ɗibar ɗan jininsu kaɗan.

Gwaggo Kella, wadda yanzu ta tsufa tukuf amma bakinta bai tsufa ba, ta ce, “Jinin kuma na me? Taguwar da ba ta ƙoshi ba za ki zo ki rage mata? Ko can birni shi kuke sha?”

Minata ta nuna mata 'yar kwalbar, ba ta kai ɗan yatsa ba, ta ce kaska ɗaya ta fi ta ɗiba. Sannan ta yi musu bayani yadda za su gane. Ta ce su da kansu sun san fitsarin raƙumi a bazara kauri yake yi kamar zuma, kashinsa kuma yana faɗowa ana iya hura wuta da shi, to ƙodarsa da hanjinsa ne ke matse ruwa su mayar masa jiki. Kitsensa bai bazu a jiki ya hana shi shan iska ba, an tara masa shi wuri ɗaya a tozo. Da rana yana barin jikinsa ya yi zafi maimakon ya ɓata ruwa wajen gumi, da sanyin safiya ya huce. Jininsa ma daban ne: in ya daɗe bai sha ba ba ya daskarewa, in kuma ya zo ya shanye kwamin ruwa guda a tsaye, ƙwayoyin jinin kumbura suke yi ba sa fashewa, abin da in saniya ta gwada zai iya kashe ta. Ta ce duk waɗannan a rubuce suke cikin wasu ƙananan ƙwayoyin gado da ido ba ya gani, rabi daga uba rabi daga uwa. Tun zamanin da ba wanda ya sani, fari ke zuwa yana tankaɗe raƙuma, wanda bai iya jurewa ba ya mutu bai bar baya ba, wanda ya jure ya haifi irinsa. Ita da abokan aikinta abin da suke so shi ne su karanta rubutun, su san waɗanne gidajen raƙuma ne suka fi riƙe shi, don kada a wayi gari an sayar da su an bar marasa ƙarfi.

Gwaggo Kella ta ce wannan ai Allah ne Ya yi. Minata ta ce ita ma ba ta ce wani ne ya yi ba, leƙawa kawai take yi ta ga yadda aka yi.

Aka koro Tawinak. Hebbu ce ta taso da ƙyar, ta tsaya inda taguwar za ta gan ta, ta dafa mata wuya ta ja akala ƙasa sau ɗaya, taguwa ta gurfana. Takna ta riƙe kan, Minata ta soka allura a jijiyar wuya ta cika kwalbarta. Tana miƙewa idonta ya tsaya a kan Hebbu. Ta kama hannunta ta duba farce, ta ja fatar idonta ƙasa ta leƙa, ta danna ƙafarta da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba. Ta juyo ta ce wa Takna ita ba likitar mutane ba ce, amma wannan ko makaho ya shafa ya san jini ya yi mata kaɗan. Ta tambaya nono nawa take sha a yini.

Matan suka shiga gyara mayafi. Takna ta ce rana ta yi zafi, baƙuwa ta zo ta huta.

Sai da aka yi azahar, direba na ɗaure kaya, Takna ta ja Minata gindin wata aduwa nesa da tantuna. Ta daɗe tana kewaye-kewaye, tana tambayar lafiyar mutanen Abalak da ba ta sani ba. Can ta ce, “Ƙanwata, ke da kike karanta abin da ke cikin jini. Kurumtar taguwar nan, ita ma a rubuce take?”

Minata ta ce a rubuce take. Abin da ke sa fatarsu roɗi-roɗi da idonsu shuɗi, sau da yawa shi ke taɓa musu kunne tun suna ciki.

“To yana bin nono?”

Minata ta dube ta, ta dubi tantin da Hebbu ke kwance, nan take ta gane. Ta ce, “Yaya, ba ya bin nono. Daga raƙumi sai ɗan raƙumi. Da yana bin nono, da kin haifi 'ya mai tozo. Jurewar ƙishirwarta ma kin sha ta a nono? Ba ga shi kullum kina bakin rijiya ba?”

Takna ta yi wata 'yar dariya da ba ta shirya ba, sai dariyar ta juye ta zama kuka. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta natsu ta ce to maza biyun da ta haifa ba ta sha ba fa, ga su suna ji? Minata ta tambaye ta ko Hebbu ta yi sanƙarau ko zazzaɓi mai tsanani tana jaririya. Takna ta ce ko mura ba ta cika yi ba. Ta tambaye ta ko ita da mijinta dangi ne. Ta ce ɗan kawunta ne. Ko an taɓa yin wani kurma a gidan? Takna ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta tuna wani ƙanen kakansu da ake ba su labari suna yara, wanda aka ce aljanu sun riƙe masa harshe tun haihuwa, ya rayu ya mutu a bayan raƙuma bai taɓa cewa uffan ba.

Minata ta ce ba za ta rantse ba tunda ba ta gwada ba, amma akwai irin gadon da ke kwanciya a jikin mutum bai san da shi ba, sai ya haɗu da irinsa daga ɗaya ɓangaren sannan ya fito, kuma ba a kan kowane ɗa yake fitowa ba. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba. Takna ta ce mijin Hebbu ɗan wanta ne. Minata ta ce to gaskiya ɗan da ke cikin nan zai iya zuwa yana ji, zai iya zuwa ba ya ji, kuma an riga an gama wannan tun ranar da cikin ya shiga.

“Abin da ya rage a hannunki,” in ji ta, “shi ne ya zo da rai, uwarsa ma ta tashi da rai. A dafa nonon a ba ta, yau ɗin nan.”

Ta bar musu wasu ƙwayoyin ƙarin jini daga cikin nata guzurin, ta ce in an sami mota a kai Hebbu asibitin gari a duba ta. Motar ta tafi, ba su ƙara ganinta ba.

Da la'asar Takna ta tatsi Tawinak da hannunta, ta dafa nonon, ta kai tanti. Ta durƙusa gaban Hebbu tana so ta gaya mata duk abin da aka faɗa a gindin aduwa, sai ta tarar ba ta da abin faɗa da shi. Shekara ashirin tana tare da 'yarta, amma maganar hannun da ta iya ba ta wuce zo, tafi, ci, bari ba. Agali ya iya, ƙannen sun iya, Emud ya fi kowa. Ita kuwa duk lokacin da ta ga hannayen nan suna motsi sai zuciyarta ta tsinke ta kau da kai. Ta nuna taguwa, ta nuna kunne, ta kaɗa hannu alamar a'a, ta tura akushin gaba.

Hebbu ta dubi nonon, ba ta taɓa ba. Ta tashi zaune, hannayenta suka fara magana da sauri, fuskarta ta yi ja. Takna ba ta kama ko rabi ba, dole ta kira wata ƙawar Hebbu da suka tashi tare ta fassara mata. Ƙawar ta zauna tana faɗa, kanta a sunkuye don kunya.

“Ta ce, Inna, ta daɗe da sanin dalilin. Ta ce ba tsoro ne ya hana ta sha ba, da ta so da ta sha a ɓoye. Ta bari ne don ta san in kin gani za ki mutu da baƙin ciki. Ta ce tana da miji, tana da raƙuma, tana da tanti, ba ta taɓa kwana tana kukan kunne ba, ke ce kike yi mata. Ta ce wai ita wace irin masifa ce, da za ki gwammace ɗanta ya mutu da yunwa da ya zo kamarta?”

Takna ta zauna a wurin, hawaye na zuba, ba ta share ba. Hebbu ta bar ta ta yi mai isarta. Daga baya ta ɗauki akushin ta sha rabi, ta miƙa wa uwar sauran, ta tsare ta da ido har sai da ta shanye.

Asibiti dai ba a samu zuwa ba, don ba motar da ta sake biyowa. Amma kumburin ya soma saɓewa, jirin ya ragu. Ruwa ya makara ƙwarai, sannan ya sauka. Mazan suka dawo da abin da bai kai rabin garken da suka tafi da shi ba, su kansu kamar an tono su. Ba su daɗe da dawowa ba Hebbu ta haihu, bayan naƙuda mai wuya da ta sa Takna ta yi ta karanto duk addu'ar da ta sani. Namiji ne, ƙarami amma da ƙarfin kuka. A zangon da ke gaba da su mata biyu sun rasa jariransu a wannan bazarar.

Takna ta yi wa kanta alkawari ba za ta gwada kunnensa ba, kuma ta cika. Abin ya bayyana da kansa. Bayan wata uku, a wajen taron shan gishirin dabbobi na In-Gall, aka yi wani biki, mata suka ɗaure turmi da fata suka shiga kiɗa da guɗa dab da tantinsu. Duk jariran wurin suka farka suna tsala ihu. Ɗan Hebbu na kwance a cinyar kakarsa yana barcinsa.

Gwaggo Kella na gefe. Ta leƙo, ta girgiza kai, ta ce ai dama ta faɗa, an bi maganar 'yar birni an koma wa nonon.

Takna ta gyara wa yaron kwanciya. Ta ce, “Gwaggo, nonon nan shi ya sa kike ganinsa. Kurumtar kuwa tamu ce, ta gidanmu, ni da ke da Agali duka. Ki tuna ƙanen Kaka.”

Tsohuwar ta ce Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai haƙuri, shi ya koya mata ɗaure sirdi tana yarinya. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ko da yake wasu matan sun ci gaba da yin ta a bayan ido.

Agali da ya ji bayanin sai ya ce wa Takna ashe kayan na su biyu ne ta ɗauka ita kaɗai shekara da shekaru, ko raƙumi ba a yi wa haka.

Tun daga In-Gall Takna ta soma zama kusa da Hebbu da rana in aiki ya lafa, tana kwaikwayon hannunta. Yatsunta sun tsufa, ga kuskure, sau da yawa takan so ta ce rijiya ta ce jaki, Emud ya juya baya yana dariya don kada surukarsa ta gani. Kafin yaron ya fara rarrafe ta kai inda za su yi hira su biyu ba mai fassara. Dogon zancen farko da Hebbu ta yi mata, bayan ta tabbata uwar na ganewa, shi ne cewa tun tana ƙarama ta san Takna na minshari, don har cikin tabarma take jin girgizarsa, kuma ta daɗe tana neman wanda za ta kai wa ƙara.